Maganar da Milka Ta Faɗa wa Alƙalai

Milka ba ta zama da takalmi a ƙafa. Duk inda ta sami benci, a coci ne ko a gidan makoki, sai ta zare silifas ɗinta da yatsa ta tura su ƙarƙashi, ta shimfiɗa ƙafafun a kan siminti mai sanyi. Tun haihuwarta ta ƙarshe suke kumbura. A kotu ma haka take yi. Idan masinja ya buga ƙofa alamar alƙali zai shigo, kowa ya miƙe, ita ma sai ta miƙe ƙafa ba takalmi, tana lalubensu da ɗan yatsa. Masinjoji sun yi mata magana har suka gaji suka ƙyale ta.

Ta wurin mijinta Yafet na san ta. Tare muka yi aikin reluwe a nan Kafanchan, zamanin da jirgi ke zuwa yana tafiya. Daga wani ƙauye a bayan Zangon Kataf ya auro ta, ƙofar gidansu a nan tana kallon tawa. Da ya rasu ya bar ta da yara, sai ta sami aikin shara da wankin zannuwan gado a wani asibiti. Idan kaka ta yi kuma tana karɓar aikin tsaga citta a gida, kamar yawancin matan unguwarmu: a zauna da wuƙa a tsaga kowace gida biyu, a shanya ta bushe.

A asibitin nan abin ya samo asali. Wani lokaci 'yan sanda kan kawo mace ko yarinya domin likita ya duba ta ya rubuta abin da ya gani. Sai a zaunar da ita a baranda tana jiran layi, ɗan sanda a tsaye a gefe, masu jinya suna wucewa suna waiwaye. Kowa ya san abin da ke kawo mace da ɗan sanda wurin likita ba tare da ankwa ba. Milka takan jingine tsintsiyarta ta zauna kusa da ita. Ba ta tambayar komai. Wata rana uwar wata yarinya ta roƙe ta ta raka su kotu, don ita ba ta taɓa shiga ba, ba ta san ta inda ake bi ba. Milka ma ba ta sani ba, amma ta je. Daga nan ba ta daina zuwa ba, har bayan ta bar aiki.

Babu wanda ya naɗa ta, babu mai biyanta. Zumuntar Mata ta cocinmu kan haɗa mata kuɗin mashin idan an tuna. Aikinta kawai ta zauna a bencin baya inda yarinyar za ta iya hango ta, idan an tashi kuma ta shiga tsakaninta da idon mutane har su kai titi.

Irin tambayar da ake yi wa mace a wurin nan, a gaban waɗanda suka zo sauraron shari'ar akuya da ta iyakar gona, ba zan rubuta ta ba. Wanda ya taɓa zama ya sani. Akan tambayi wace riga ta sa, me ya kai ta wannan hanyar, me ya hana ta ihu. Akan ce ta ɗaga murya ba a ji a baya. Wani lokaci a yi dariya, a tsawatar, a sake yi. Yawancin shari'un ba sa kaiwa ƙarshe. Dangi su gaji da zirga-zirga, dattawa su shiga tsakani, wata rana a kira suna babu mai amsawa.

A bakin kotun akwai A'i mai waina, wadda iyayenta da kakanninta duk a kasuwar garin nan suka tsufa. Ita ta laƙaba wa Milka suna Barista. Idan irin wannan abu ya sami wata a unguwarsu, A'i kan aiko da uwar wurin Milka, ba ruwanta da wane ne ke zuwa coci wane ne ke zuwa masallaci. Kullum aka tashi sai ta ɗago daga kan tanda ta ce, "Barista marar riga, yau kin ci ko an cinye ki?" Milka ta ce, "An ɗaga." Amsar ke nan kusan kullum, har yaran unguwa suka ɗauka suna faɗa wa junansu idan an hana su abu.

Ana nan sai wata ƙungiya ta shirya wa alƙalai bita a wani otal a Kaduna, a kan yadda za su riƙa sauraron irin waɗannan mata ba tare da an sake yi musu wani ciwon ba. Suna neman wanda ya daɗe yana zama da matan ya zo ya ce wani abu. Wata a Zumunta ta ba da sunan Milka. Ta ƙi, aka matsa mata, ta yarda. Ta yi ta shirya abin da za ta faɗa, tana maimaita mini a ƙofar gida, magana mai tsawo da sunayen garuruwa. Ta ɗaura zanin Zumunta ta hau mota.

Da ta dawo ta ce mini sanyin na'urar ɗakin ya shiga ƙashinta, kuma da aka miƙa mata abin magana, ana dab da tashi cin abinci, duk abin da ta shirya ya gudu. Ta dubi manyan mutane jere da kwalaben ruwa a gabansu. Abin da ya zo bakinta shi ne: "Ku ɗauke ta kamar 'yarku. Idan 'yarka ce tsaye a wurin, yaya za ka tambaye ta?" Ta ce nan take aka tafa. Wata mata ta rubuta maganar da Turanci a kan allo. Daga baya har a wani ƙyalle aka buga ta. Ban taɓa ganin Milka da farin ciki irin na makon nan ba. Ta saya wa A'i goro, A'i ta ce ai yanzu sai dai a nemi izini kafin a gaishe ta.

Cikin waɗanda suka tafa har da Alƙali Jamiluddeen, wanda ke zama a kotun da take zuwa. Ɗan garin nan ne, kakansa yana da rumfar yadi a kasuwa. Mutum ne mai tsare aikinsa, 'ya'yansa kusan duk mata ne. Wasu sun je bitar sun dawo da jaka kawai. Shi ya dawo da niyyar yin abin da ya ji.

Shari'ar farko irin wannan da ta zo gabansa bayan nan ita ce ta Edna. Shekarunta goma sha tara. Ubanta Azariya manomi ne a wajen Gwantu, ita kuma tana zaune wurin gwaggonta a gefen gari, tana aikin tonon citta a gonakin mutane. Wata ranar da ta taso daga gona ita kaɗai, wani mai sayen citta, wanda kowa ya sani kuma da yawa ke cin abinci a hannunsa, ya tare ta a bakin rafi. Dattawa sun je wurin Azariya har da akuya, suka ce a rufe a gida. Ya ce su koma da akuyarsu. Tun daga ranar 'yan'uwansa na ciki ɗaya suka rage gaishe shi. Takardar likita ta nuna an yi abin, amma takarda ba ta faɗin wanda ya yi. Babu wanda ya gani. Idan Edna ba ta faɗa da bakinta a gaban alƙali ba, mutumin zai koma kasuwa, ita kuma ta koma ƙauye da sunan wadda ta yi wa babban mutum ƙazafi.

Ba wai ba ta iya faɗa ba ne. Ta faɗa wa 'yar sanda mace. Ta faɗa wa Milka tun daga farko har ƙarshe, suna zaune kafaɗa da kafaɗa suna tsaga citta, idon kowa a kan wuƙarsa. Milka ta ce mini yarinyar tana da ƙarfin zuciya, kuma wannan karon alƙalin ya sha bita, saboda haka ba ta da fargaba.

Ranar da aka kira Edna, Alƙali Jamiluddeen ya sa aka fitar da 'yan kallo. Aka bar lauyoyi, da wanda ake tuhuma, da Milka a bencinta. Ya cire baƙar rigarsa ya rataye. Ya sauko daga kan dandamali, ya sa aka ajiye masa kujera kusa da ta Edna, ya aika aka kawo mata lemo. Ya tambayi lafiyar iyayenta da yadda damina ta yi musu. Ya gaya mata yana da 'ya sa'arta tana makarantar koyon jinya. Sannan ya sassauta murya ya ce, "'Yata, ki ɗauke ni kamar babanki. Gaya mini abin da ya faru, kada ki ji tsoron kowa."

Edna ta zame daga kan kujera ta durƙusa. Ta sunkuyar da kai ta ce, "Na gode, Baba."

Daga nan ba ta ƙara ko kalma ɗaya ba. Ya lallashe ta. Duk lokacin da ya ƙara tausasa murya sai ta ƙara yin ƙasa da kai. Ya ce ta tashi ta zauna, ta tashi don ya ce, amma idonta yana kan takalminsa. Lauyan mutumin yana duba agogo.

Milka ta ce tun da gwiwar yarinyar ta taɓa ƙasa ta gane. A ƙasar nan, ko wane yare kake ji, ko ina kake sujada, 'ya ba ta faɗin irin wannan magana a gaban ubanta. Ko cikin aure ta samu, sai ta gaya wa gwaggo, gwaggo ta gaya wa uwa, uba ya ji daga baya ya yi kamar bai ji ba. Azariya da ya mayar da akuya, har yau bai ji labarin daga bakin 'yarsa ba, ba zai kuma so ya ji ba. Milka ta san wannan, da shi aka rene ta, da shi ta reni nata. Alƙalin ma ya sani daga cikin gidansa. A ɗakin otal ɗin ne kawai babu wanda ya tuna.

Aka ɗaga. A zama na gaba bai sake kiranta 'yarsa ba, amma an riga an ƙulla. Tana ganinsa ta durƙusa ta gaishe shi yadda ake gaida uba, bakinta ya rufe. Lauyan mutumin ya nemi a kori ƙarar tunda mai ƙara ba ta da abin faɗa. Alƙali ya ce zai ba da rana ɗaya ta ƙarshe, bayan bikin Ista.

Ranar A'i ba ta yi tsokanarta ba. Ta dubi fuskar Milka, ta naɗe waina a leda ta miƙa wa Edna, ta koma kan tandarta.

Milka ta nemi ganin alƙalin a ofishinsa. Ya aiko magatakarda ya ce ba ya ganin kowa a kan shari'ar da ke gabansa, kuma gaskiyarsa ce. Sai ta je wurin lauyar gwamnati mai gabatar da ƙarar, wata yarinya da fayiloli suka yi wa yawa. Ta roƙe ta ta nemi alfarma a zama na gaba: alƙali ya mayar da rigarsa, ya hau can sama, ya kira Edna mai shaida kamar yadda ake kiran kowa, kada ya dube ta, a kuma bar ta ta zauna tana kallon bango. Lauyar ta ce ai wannan kusan duk shi ne abin da aka ce wa alƙalai su daina a bitar. Ta murza ido, ta ce za ta gwada.

Sau ɗaya Milka ta haɗu da alƙalin a waje, a wani kemis kusa da tasha, kowannensu ya zo sayen maganin hawan jini. Ya gaishe ta da ladabi. Har ya juya zai fita, sai ya tsaya ya ce, "Mama, maganarki na bi."

Ta ce, "Na sani, ranka ya daɗe. Ni ce ban faɗa daidai ba."

Ya ce ba zai iya ƙara komai a kai ba. Ta ce ta gane. Ya riƙe mata ƙofa ta fita.

Ba ta yi barcin kirki ba a kwanakin nan. Takan ce mini maganar tana can a jikin ƙyalle, ana ɗauka daga wannan bita zuwa waccan, alƙalai masu zuciyar kirki suna karantawa. Na ce mata ai wata yarinyar maganar za ta yi mata amfani, ba duka aka taru aka zama ɗaya ba, kuma gara alƙali mai saukowa da mai tsawa. Ta ce haka ne. Ta ce amma ita Edna ce a gabanta.

Wata rana da la'asar ta tsallako titi ta same ni. Ta ce, "Baban Miriyam, aron kunnenka na zo yi." Ta bayyana mini. Ko alƙali ya koma sama ya mayar da riga, namiji ne, kuma Edna ba ta taɓa faɗin abin nan namiji yana ji ba. Tana so ta saba. A tsakar gidan Milka akwai zana da ta raba wurin girki da wurin shanya. Zan shigo ta ƙofar baya in zauna a bayan zanar, in yi tari don yarinyar ta san akwai mutum. Ba zan yi magana ba. Ko ta gaishe ni kada in amsa, domin ina amsawa na zama Baba, an koma gidan jiya.

Na ce mata tarina ai duk layin nan an san shi. Ta ce to in nemo wani tarin, tsohon ma'aikacin reluwe ba ya rasa tari iri biyu.

Haka muka fara. Milka ta gaya wa Edna gaskiya cewa akwai namiji a bayan zana, dattijo ne mai riƙe magana, ba zai tanka ba, ba kuma zai fito ba, idan ba ta so a fasa. Edna ta ce a gwada. Suka zauna a kan tabarma da tulin citta a gabansu, bayansu yana wajena. Na yi tarin. Yarinyar ta ce wa zanar, "Ina wuni, Baba." Na kai shekarun da na kai ban taɓa barin gaisuwa ta faɗi ƙasa ba. Na riƙe bakina. Ina jin ƙarar wuƙaƙe biyu, daga baya ta zama ɗaya. Ranar ba a ce komai ba.

Muka ci gaba, duk lokacin da gwaggon Edna ta sake ta. Ta daina gaida zanar. Wata rana ta faɗi sunan gonar da wanda ya ɗauke su aiki. Wata rana ta faɗi dalilin da sauran matan suka riga ta tafiya: an bar ta tana tattara buhuna. Milka ba ta jan ta. Abin da kawai take cewa shi ne, "Sai kuma?" Idan wuƙar Edna ta tsaya, sai Milka ta ce rana ta yi, a kwashe shanya. A hankali, a cikin labarin, aka ɗora kwano a kai, aka fito daga gona, aka kama 'yar hanyar da ta bi ta cikin ciyawa. Sau da yawa ana kaiwa inda ake jin ƙarar ruwa sai a dawo baya.

Ni daga inda nake ina jin numfashin Milka. Ya fara yin nauyi, kamar mai hawan dutsen Kagoro da kaya. Kumburin ya wuce idon sawu ya kai gwiwa. Ɗanta Celestine ya yi ta bugo waya daga Abuja yana cewa ta zo a duba ta a can. Ta ce masa bayan Ista. Na yi mata magana ni ma, ta ce wanda aka hana amsa gaisuwa ba shi da bakin ba da shawara.

A zamanmu na ƙarshe Edna ta kai bakin rafin. Ta ce ruwa ya ja baya, duwatsun tsallakawa sun fito. Ta ce akwai mashin a jingine a gindin ɗorawa. Wuƙar tana tafiya. Sannan ta faɗi sunan mutumin, cikakke, da muryar da ko a bencin baya za a ji. Ta ce yana tsaye kusa da mashin ɗin, ya kira ta da sunanta.

Wuƙar ta tsaya. Na ji Milka ta ja numfashi. Ta ce, "Ya isa na yau. In Ubangiji ya kai mu, daga nan za mu tashi."

Da yarinyar ta tafi, Milka ta zagayo bayan zana ta zauna a kan turmi. Ta ce gobe in zo da kujerata, tata tana ƙara idan na motsa.

Washegari da hantsi tana baza citta a kan tamfol ta faɗi. Maƙwabta suka kai ta asibiti a Keke. Ba ta farfaɗo ba. Aka kai ta ƙauyen mijinta aka binne kusa da Yafet. Matan Zumunta sun yi waƙa har muryarsu ta dushe. A'i ta rufe tanda ta bi mota, ta zauna a gefe da mayafinta har aka gama. Edna ta zo da gwaggonta, ta tsaya daga nesa. Da ta zo wucewa ta gabana ta durƙusa ta gaishe ni, na amsa. Ban sani ba ko ta san tarin.

Lauyar gwamnati ta aiko cewa ta shigar da roƙon, ba a ba ta amsa ba tukuna. Celestine ya sa wa gidan kwaɗo ya koma bakin aikinsa. Ranar shari'ar tana nan yadda aka sa ta, bayan Ista, kuma ita ce ta ƙarshe. Abin da ya biyo bayan mutumin ya kira sunanta a gindin ɗorawar nan, Edna ba ta faɗe shi a kunnen namiji ba har yanzu.